Littafin Asabar: yadda aikin duba tsofaffin unguwarmu ke tafiya a Garwa, arewacin Kamaru

Asabar, 13 ga Janairu 2024

Yau muka fara. Zauren mai unguwa muka ara, da tabarma uku da benci ɗaya, sai na'urar awon jini da Majo ya zo da ita a tsohuwar jakarsa ta aiki. Majo ya fi shekara 30 yana aikin jinya kafin ya yi ritaya, kuma har yau ba mai kiransa da sunan yanka. Ni aka ba riƙon littafi, aka ce in riƙa rubuta abin da ake ciki, domin mu san inda muka kwana, 'yan unguwa da ke Duwala da Yawunde da Njamena kuma su ga inda taimakonsu ke shiga.

A wurin adashenmu na mata maganar ta taso, bayan sadakar arba'in ta mahaifiyata. A bakin murhu Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, ta yi kwana 9 Allah ya karɓi abarsa. Da muka kai ta asibiti aka tambaye mu tun yaushe take da hawan jini. Muka hau kallon juna. Gida ɗaya muke da ita, mu muke dafa mata abinci, amma ba mu taɓa sa an auna ta ba ko sau ɗaya.

Mun tsayar cewa duk Asabar da safe, wanda ya kai shekara 60 ya zo a auna shi kyauta. Nan take muka ci karo da matsalar farko: wa ya san shekarunsa? Mafi yawansu ba su da takardar haihuwa, abin da ke jikin katin ɗan ƙasa kuma ƙiyasin magatakarda ne. Majo ya kawo dabara. Sai ya ce, "Baba, lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960 kana ina?" Ko ya ce, "Inna, da Ahijo ya sauka daga mulki a 1982, 'ya'yanki nawa?" Wani dattijo ya ce shi dai yana da aure da ɗa ɗaya sa'ad da ake gina madatsar Lagdo, har ya yi dakon siminti a can. Muka rubuta masa 68, ya ce mun rage masa.

Mutum 23 suka zo. Mata 4 kawai.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Mata ba za su zo zauren mai unguwa su naɗe hannun riga a gaban maza ba, wannan ya kamata a ce mun hango tun farko. Yanzu an raba aiki: Majo yana zaure da maza, ni da 'yan mata biyu na Islamiyya muna bi gida gida. Ya yi mako biyu yana koya mana, kuma ba ya ɗaga ƙafa. Mutum ya zauna minti 5 tukuna, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan wani abu daidai ƙirji, kuma ba surutu. A auna sau biyu. Wanda ya ci goro ko ya sha shayi yanzu yanzu, a jira shi rabin awa. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba mu wuya, don samun tsohuwar da ba goro a bakinta da hantsi sai an tona.

Mutanenmu sun saba jin ana cewa "tansiyonka 14 da 9", na'urar kuma tana rubuta 140/90. Abu ɗaya ne. Wanda ya kai haka ko ya wuce a Asabar biyu dabam dabam, muna rubuta masa 'yar takarda zuwa asibitin unguwa. Wanda ya kai 18 da 11, ranar za a kai shi, ba jira. Mu ba ma rubuta magani. Majo ya maimaita wannan har sai da ya gundure mu: namu awo da tunatarwa da rakiya, magani na likita ne.

An ƙara kuɗin fetur, lita ta tashi daga sefa 730 zuwa 840, na bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya ma ya daina araha tun bara da aka cire tallafi a can. Masu babur sun riga sun ƙara nasu. Rakiya asibiti za ta ci kuɗi fiye da lissafinmu.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Mun ce kowa ya kawo duk maganin da yake sha, ko na wane iri ne. Ban taɓa ganin abu irin na yau ba. Baba maɗinki, wanda kekensa ke bakin layin masallaci tun muna yara, ya zazzage leda baƙa a kan tabarma: diklofenak, ibuprofen, wasu ƙwayoyi ja da rawaya da aka ƙulle a takarda ba suna, sauran maganin zazzaɓin jikansa, da ƙullin sassaƙe. Ya ce na takardar nan shi ne "mai ƙarfi", daga mai talla a kan keke yake saye, in ya sha guda uku sai ya yini a kan keken ɗinki bai ji gwiwa ba.

Majo ya ɗauki ƙwayoyin yana juyawa, ya ce, "Baba, gwiwa ta yi shiru, amma ƙoda ce ke biyan bashin." Ya yi masa bayani cewa irin su diklofenak in aka daɗe ana sha suna ɗaga jini, suna cin ciki har ya yi gyambo, suna gajiyar da ƙoda, musamman ga tsoho. Haɗin masu talla kuma sau da yawa akwai deksametazon a ciki, mai kumbura fuska ya ɗaga suga. Awon Baba 17 da 10. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Na ji wannan maganar yau daga baki ya fi goma. Hawan jini ba ya sallama, shi ya sa ake raina shi.

Sassaƙen ba mu taɓa ba. Majo ya ce in muka fara da yaƙi da abin da suka gada, ba za su sake kawo mana leda ba.

Asabar, 9 ga Maris

Azumi ya ƙarato, ko jibi ko gata. Mun roƙi Malam liman ya zauna da mu, kuma Allah ya saka masa, ya zo da kansa. Ya karanto aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara, ya bayyana cewa tsohon da azumi zai cutar da shi an ɗauke masa, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma an so ya ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana in yana da hali. Ya ƙara da cewa ɗigon jinin da ake ɗauka a yatsa don auna suga ba ya karya azumi. Abin da Majo ya yi wata guda yana faɗa ba a ji ba, Malam ya faɗa cikin minti goma kowa ya gyaɗa kai.

Gyaɗa kai dai daban, yi daban. Inna mai ƙosai ta kama hannuna a soro ta ce, "'Yar nan, tun ina da shekara 12 ban taɓa shan azumi ba sai na al'ada da na jego. Yanzu da na kusa kabari ne zan fara?" Ban sami amsar ba ta ba. Tana shan metformin da glibenklamid, na biyun nan kuwa shi ne mai faɗar da suga in ciki ba komai. Mun samu ta yarda a raka ta wurin likita ranar Litinin ya gyara mata lokutan sha.

Mun samu na'urar suga. Wani ɗan unguwa da ke Duwala ya aiko da ita a motar dare. 'Yan tsinken awon ne tsada, guda 50 ne a kwalbar, don haka ba kowa za a soka ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Ba ranar aiki ba ce, amma dole in rubuta. Da la'asar jikar Inna mai ƙosai ta shigo gidanmu a guje ba ko takalmi, wai Kaka tana magana ba kan gado. Na tarar da ita jingine da bango, gumi ya jiƙa mata zane, hannu na rawa, tana kiran sunan mijinta da ya rasu tun tuni. Na soki yatsa: 0.52. Majo ya ce mana duk abin da ya gaza 0.70 a karya azumi nan take, ba shawara. Tana iya haɗiya, sai na dama suga cokali uku a ruwa. Ta kawar da kai ta ce saura kaɗan a kira salla. Na ce, "Inna, Malam ya ce in kika ƙi sha a wannan halin, ba lada kike nema ba." Ta kalle ni kallon da ba zan manta ba, ta karɓa ta sha. Kafin minti 15 ta dawo daidai, har tana faɗa wai wa ya bar ƙofar ɗakinta a buɗe.

Zafin bana ya wuce misali. Garwa dama an san ta, Maris da Afrilu awo na haura 40, ga wuta da ake ɗaukewa, fanka ta zama ado. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, jikinsa na bushewa bai sani ba. Abin da muke ta faɗa a gidaje: daga buɗa baki zuwa sahur a riƙa miƙa musu ruwa kaɗan kaɗan ba sai sun tambaya ba, a fitar da shimfiɗarsu daga ɗakin kwano da rana, a jiƙa zane a lulluɓa musu.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi salla ranar Laraba lafiya. Mun rasa tsofaffi biyu a cikin azumi, dukansu ba sa cikin littafinmu, Allah ya jiƙansu.

Lissafi: suna 61 a littafi, 27 na da hawan jini, 8 na da suga, 5 daga cikinsu sun haɗa biyun. An tura 24 asibiti, 15 suka je. A cikin 15 ɗin nan, waɗanda suka sayi maganin wata na biyu 6 ne kacal. Nan gizo ke saƙar. Awo ba wuya, kowa na son a ɗaura masa na'ura ya ji tana matse hannu. Amma a ce wa mutum zai sha ƙwaya kullum har ƙarshen ransa, alhali ba inda ke masa ciwo, kuma shi ba albashi ba fansho, wannan wani abu ne daban. A cikin mutum 61 uku ne kawai ke karɓar fanshon CNPS, wato asusun fanshon ma'aikata na ƙasa, biyu tsofaffin ma'aikatan kamfanin auduga, ɗaya tsohon direba. Sauran maɗinka ne da mahauta da 'yan koli da masu ƙosai, waɗanda ritayarsu ita ce ranar da ƙarfi ya ƙare.

Mun buɗe akwatin magani. Kowace mace a adashe za ta ƙara sefa 500 a wata, maza sun yi alkawari a masallaci, na nesa za su turo ta waya. Ba mu raba wa kowa kuɗi a hannu. Mu za mu je kantin magani da takardar likita mu sayo na wata, mu kai gida.

Asabar, 18 ga Mayu

Tambayar da ake ta yi mana ita ce ta shirin lafiya na gwamnati, CSU, wanda aka ƙaddamar a Afrilun 2023. Mutane sun ji a rediyo sun ɗauka komai ya zama kyauta. Matakin farko ya fi karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu ciki da ke sayen takardar kula da ciki da haihuwa ta sefa 6,000, da masu tarin fuka da masu cuta mai karya garkuwar jiki, sai wankin ƙoda da aka mayar sefa 15,000 a shekara. Duk alheri ne, ba mai musu. Sai dai in ka duba da idon tsoho abin akwai ban mamaki: in ƙodarsa ta mutu an sauƙaƙa masa wanki, amma ƙwayar hawan jinin da za ta hana ƙodar mutuwa, wadda kuɗinta na wata bai kai na goronsa ba, shi zai nema.

Ranar Talata na raka tsofaffi uku wani asibiti. Mun isa kafin ƙarfe 7, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Ba benci, ba inuwa, Goggo ta gidan bayan masallaci ta zauna a ƙasa tana gyangyaɗi. Da layi ya zo kanta, mai rubutu ya yi mata tambaya da Faransanci, ta yi shiru, ya maimaita da Fulatanci da tsawa kamar kurma ce. Goggo na jin Fulatanci sarai, tsawar ce ta ɗaure mata baki. Na shiga na amsa mata. Tun daga ranar muka yanke cewa ba tsohon da zai sake zuwa shi kaɗai, kuma mai rakiya zai tafi da 'yar kujera da gorar ruwa.

Asabar, 22 ga Yuni

Wannan shafin na yi kwana uku ina ɗage rubuta shi.

Baba maɗinki ya faɗi ranar Laraba, bayan babbar salla da kwana kaɗan. Tun Maris yake kan amlodipin, awonsa ya sauko 13 da 8, har muna ba da misali da shi. Ashe ganin ya sauko ɗin ne ya sa ya ce ya warke. Ƙafarsa kuma ta ɗan kumbura, abin da wannan magani kan yi wa wasu, wani a majalisa ya ce masa maganin Bature ne ke tara masa ruwa. Ya daina sha tun kafin watan salla ya kama. Ga ɗinkin salla dare da rana, ga nama, ga ƙwayar mai keke ta dawo saboda gwiwa. Mu kuma Asabar uku bai zo awo ba, na rubuta "yana ɗinkin salla" a gefen sunansa na wuce. Da hannuna na rubuta. Kwalin maganin da na kai masa a farkon wata yana nan a aljihun keken ɗinki ko ɓallewa ba a yi ba.

Da safe matarsa ta ga bakinsa ya karkace, kofin kunu ya suɓuce daga hannun dama, magana ta zama kamar ta mai barci. Aka kwantar da shi, aka kira mai rubutu, aka yi ta ɗura masa yana ƙwarewa. Sai azahar aka tuna da Majo. Majo bai yi faɗa a gidan ba, ya dai sa aka samo mota. Amma da muka fito ya tsaya a bakin layi ya ce mini, "Hajiya, awa shida. Da mun koya musu alamomin nan kamar yadda muka koya musu zama a benci."

Gaskiyarsa. Mun koya wa tsofaffi, mun manta da waɗanda ke kwana da su. Daga yau duk gidan da muka shiga, sai mun tara matan gida da manyan yara mun faɗa musu abu uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. In an ga ɗaya, asibiti nan take, kuma kada a zuba komai a bakin wanda ba ya iya haɗiya, ko ruwa ne ko rubutu, don huhu yake tafiya. Malam liman ya ce a shafa rubutun a jiki, addu'a kuma ba ta hana shiga mota.

Mun kuma sauya doka. Wanda bai zo Asabar ɗaya ba, kafin Litinin an taka gidansa. Kuma ba tambayar "kana shan magani?" za mu yi ba, don kowa zai ce e saboda kunya. Kwalin za mu ce a ɗauko, mu ƙirga ramukan da aka ɓalle.

Asabar, 27 ga Yuli

Baba ya dawo gida. Hannun dama bai dawo ba, ƙafa na ɗan motsi, magana ɗaya ɗaya. Majo na zuwa sau biyu a mako yana nuna wa ɗansa yadda ake miƙe gaɓoɓi, da juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu da dugadugai. Matarsa ita ma ta haura 60, ita ke wanki da ɗauka da shimfiɗa. Na auna ta: 16 da 10. Ba ta cikin littafi, don duk zuwanmu tana kicin.

Damina ta kankama, tsakar gida ta zama santsi. Mutum biyu sun faɗi a wata ɗaya, dukansu a hanyar ban ɗaki da dare. Tsugunno a kan masai ga mai ciwon gwiwa azaba ce da ba wanda ke faɗa, wasu har rage cin abinci suke don kada su yawaita zuwa. Goggo ce ta gaya mini a kunne. Mun kai wa wani mai walda a Yelwa tsohuwar kujerar ƙarfe, ya yanke mazaunin ya yi rami, ya ƙara mata madafa biyu. Jaka 4 ya karɓa. Guda biyar muka yi, da 'yan fitilu masu cajin rana da za a rataya a ƙofar ɗaki. A cikin duk abin da muka yi tun Janairu, ba wanda aka yi mana godiya a kansa kamar kujerar nan, kuma duk a ɓoye.

Asabar, 17 ga Agusta

Ruwa tun asuba, zaure na yoyo. Ba a yi awo ba. 'Yan mata sun zaga gida shida da lema, sun ƙirga kwalaye.

Asabar, 21 ga Satumba

Ambaliyar yankin Arewa Mai Nisa ta taɓa mu ta wata hanya. Tun da ruwa ya ci Yagwa, gada ta karye, gidaje uku a unguwa sun karɓi 'yan uwa daga can, cikinsu tsofaffi huɗu da suka baro maganinsu da takardunsu a cikin ruwa. Ɗaya ta san dai "fara ce ƙarama". Sai da aka sake kai su wurin likita daga farko. Wannan ya koya mana abu: yanzu kowane tsoho a littafinmu yana da ɗan kati a cikin leda, an rubuta sunan maganinsa da yawan da yake sha, kwafi kuma na wayata.

Zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Masu rabon maganin rigakafin damina suna bi gida gida don yara ƙanana kamar kowace shekara, gidan sauro kuma a yawancin gidaje na mai jego da jariri ne. Kaka tana kwana a buɗe.

Akwai maganar Goggo da nake so in ajiye a nan. Awonta lafiya lau, 12 da 7, ba suga. Amma duk ranar da muka shiga sai ta ce a sake aunawa, na'urar ba ta yi daidai ba, a gwada ɗaya hannun. Na daɗe kafin in gane. Ba ta da ɗa a raye, ɗan ƙanin mijinta ne ke riƙe da ita, an ba ta ɗaki a ƙuryar gida, ana aiko mata tuwo da yaro ya ajiye ya fita. Ido ya yi yana, ba ta fita biki ba ta fita suna. Wani lokaci takan manta ta ci abinci ta ce an hana ta, yaran layi sun fara raɗe raɗin wai mayya ce. Minti goman da muke yi a ɗakinta, ina jin shi ne kaɗai lokacin da wani ke riƙe hannunta a mako. Yanzu ɗaya daga 'yan matan na zuwa ranar Laraba ba na'ura, ta tsefe mata kai, Goggo na ba ta labarin fataken da ke zuwa da jirgin ruwa ta Binuwai lokacin da tashar jirgin Garwa ke aiki. Majo ya yi wa matan gidan bayanin gigin tsufa, cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar kowane ciwo. Mai unguwa kuma ya ja kunnen iyayen yaran.

Talata, 1 ga Oktoba

Yau ce ranar tsofaffi ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1990. Wasu baƙi sun zo da mota da sabulu da shinkafa, suka jera tsofaffi a rana, aka ɗauki hoto, suka tafi kafin shayi ya tafasa. Sabulun dai ya yi amfani. Na nuna wa shugabarsu littafin akwati na ce abin da muke nema kuɗin maganin wata wata ne, ta ce nasu tsarin na rana ɗaya ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Labari mai daɗi. An yi aikin ido na rahusa a gari, muka kai mutum biyar, aka ɗauki uku masu yana, aka ce ɗaya hawan jinin ido ne, wanda abin da ya tafi ba ya dawowa sai dai a tsare saura da maganin ɗigawa. Na biyar kuwa an taɓa tura masa yanar da tsinke a ƙauye shekarun baya, idon ya riga ya lalace.

Goggo na cikin ukun. Daren aikin ta ba ni ɗaurin 'yan kunnenta wai in ba ta tashi ba in ba yarinyar da ke mata kitso. Aikin bai kai rabin awa ba. Washegari da aka cire bandeji ta yi shiru tana kallon bango, sannan ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ashe ke ce? Na ɗauka doguwa ce." Ranar Juma'a ta je suna da ƙafarta, an ce ta fi kowa surutu. Mantuwar tana nan, amma ta ragu da kuka.

Mun kuma sayo tabarau na karatu guda goma a kasuwa, masu lamba daban daban. Gwajin da muka yi shi ne a miƙa wa mutum Alƙur'ani bugun Warsh ya ga da wanne yake ganin wasali.

Asabar, 14 ga Disamba

Yau ba tsofaffi muka tara ba, masu dafa musu muka tara: surukai da 'ya'ya da jikoki mata, a tsakar gidanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. Na ajiye cokalin a faranti, na ce kowa ta faɗi abin da take zubawa a miyar kuka. Gishiri, dunƙule uku ko huɗu, kanwa, ga busasshen kifi da aka riga aka yi wa gishiri. Aka yi ta dariya. Wata ta ce, "Yaya, in na rage dunƙule maigida zai ce na daina sonsa." Wata kuma ta ce surukarta da kanta ke aiko yaro a ƙaro mata gishiri, in an hana ta ce ana mata rowa.

Tukunya biyu ba za ta yiwu ba, itace da gawayi sun yi tsada. Abin da muka tsayar shi ne a ɗebi na tsoho kafin a zuba dunƙulen ƙarshe, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa su rufe gurbin, kuma a rage a hankali yadda harshe ba zai farga ba. Mun dafa miyar yakuwa iri biyu aka ɗanɗana ba a faɗa wace ce wace ba. Mutum tara cikin sha huɗu suka zaɓi mai ƙarancin gishirin, har da mai maganar maigida.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Sanyi da ƙura, tari ya kama rabin littafi. Suna 74 yanzu, an soke 5 da suka rasu, biyu sun koma wurin 'ya'yansu a Ngawundare. Masu karɓar maganin wata daga akwati 19, kuma a ƙirgar kwalaye ta ƙarshe 16 na sha yadda ya kamata. Maza sun cika alkawarin masallaci wata huɗu, daga nan shiru. Adashen mata da mutum uku na nesa ne ke riƙe da akwatin.

Baba maɗinki yana takawa da sanda zuwa bakin ƙofa. An fito masa da keken waje, ɗansa na ɗinki shi yana zaune yana nuna kuskure da hannun hagu. Da na je ƙirga, kafin in yi sallama ya ɗago kwalin yana kaɗa mini.

Bayan an watse na ce wa Majo ya zauna a benci. Ya ce wasa nake. Na ce minti 5, baya a jingine, ba surutu. Sau biyu na auna: 16 da 9, sannan 15 da 9. Ya ce goro ya ci. Na ce to Asabar mai zuwa kada ya ci. Na buɗe shafi na rubuta shi lamba 75.

Asabar, 15 ga Fabrairu 2025

Azumi saura mako biyu. Malam liman ya amsa zai zauna da mu ranar 22, wannan karon har da matan gida. Inna mai ƙosai ta aiko jikarta da saƙo cewa bana za ta ciyar, amma kada a faɗa a unguwa.

Majo ya je asibiti, an ɗora shi a kan magani, ni ke ƙirga masa kwali.

Abin da ke gabanmu: tsinken awon suga saura 11, maɗaurin na'urar jini ya fara tsagewa a wurin ɗinki, kuma Inna ta gidan mahauta hannunta ya fi ƙarfin wanda muke da shi, sai an nemo babba. Mai walda ya ce ƙarfe ya tashi, kujera ta koma jaka 5, ana jiran guda uku. A akwati akwai sefa 31,500, maganin Maris zai ci kusan 27,000. Ɗaya daga 'yan matanmu an sa ranar aurenta bayan ƙaramar salla, za a kai ta Pitowa, don haka ana neman wadda za ta karɓi gidajen layin masallaci, da Larabar Goggo.